Kafin a auna firgicin mutum, sai an fara gwada ma'aunin

Iyayenmu da 'yan uwanmu mazauna Yassa da New Bell da sauran unguwannin Duwala. Wasunku sun riga sun ji cewa ma'aikatanmu na sashen kula da lafiyar hankali za su riƙa shiga gidaje da takardar tambayoyi game da barci da mafarki da faɗuwar gaba, musamman gidajen da ambaliya ko zaftarewar ƙasa ta taɓa shafa. A zaman da muka yi da dattawa da shugabannin mata an yi mana tambayoyi masu nauyi. Wata uwa ta ce ita an zo mata da takardar sau biyu, tambayoyin kuma iri ɗaya, shin ba a yarda da amsarta ta farko ba ne? Wani dattijo ya ce in har takarda ta isa, me ya kawo zama da likita bayanta? Tambayar da ta fi yawa kuwa ita ce ko abin da mutum ya faɗa zai taɓa katinsa na gudun hijira ko taimakon da yake samu. Wannan darasi amsar waɗannan tambayoyi ne.

A wannan zagaye takardar muke gwadawa. Ba mu riga mun yarda da ita ba, kuma ba za mu fara tura mutane asibiti da maganarta ba sai mun tabbatar tana faɗin gaskiya da Hausar da ake yi a nan.

Ciwon da ake magana a kai

Duk wanda ruwa ya shigo masa ɗaki da tsakar dare, ya ɗauki yara a kafaɗa yana laluben ƙofa cikin duhu, zai yi kwanaki ba ya barci sosai. Zai riƙa zabura in an buga kwano, abin ya riƙa dawo masa a ido. Wannan ba ciwo ba ne, haka jikin ɗan Adam yake. Mafi yawan mutane suna murmurewa da kansu cikin 'yan makonni in sun sami wurin kwana da abinci da 'yan uwa a kusa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan mutum 70 cikin 100 a duniya sukan gamu da wani mummunan abu mai razanarwa a rayuwarsu, amma waɗanda abin ke zame wa ciwo ba su kai 6 cikin 100 daga cikinsu ba. Adadin yakan haura haka nesa ba kusa ba a tsakanin waɗanda suka ga yaƙi ko aka yi wa fyaɗe.

Ana kiransa ciwo ne idan wata guda ya wuce abin bai lafa ba, har yana hana mutum sana'a ko kula da iyali ko zama da jama'a. A takardun Turanci ana taƙaita sunansa da haruffan PTSD. Mu a nan muna ce masa ciwon firgici bayan masifa. A 1980 ya shiga littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke rarrabe cututtuka da shi. Alamominsa a bugun littafin na 2013 sun kasu gida huɗu. Akwai dawowar abin da ya faru a mafarki ko a farke ba da son mutum ba, akwai gudun duk abin da ke tuna masa, akwai sauyin tunani da zuciya kamar ɗora wa kai laifi da mutuwar sha'awa, sannan akwai zama cikin shirin ko-ta-kwana da saurin zabura da saurin fushi.

Kamaru ta san irin waɗannan masifu. Ranar 21 ga Agusta 1986 iskar guba ta taso daga tafkin Nyos ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500 a dare ɗaya, cikinsu har da Fulani makiyaya da yawa, aka kwashe waɗanda suka tsira aka zaunar da su a wasu wurare. A lokacin shekara shida kacal da sa wa wannan ciwo suna. A ƙarshen Oktoba 2019 ƙasa ta zaftare a unguwar Gouache ta Bafoussam, mutum 43 suka rasu. Ranar 8 ga Oktoba 2023 ruwa da laka suka rufta wa gidaje a Mbankolo cikin Yawunde. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum sama da 400,000 a jihar Arewa Mai Nisa, gadar Yaguwa ta karye, a wata guda da fashewar madatsar Alau da ta cinye rabin Maiduguri. Wasunku daga can kuka zo. A Duwala kuwa ba sai an ba ku labari ba, duk Yuli da Agusta magudanan ruwa kan cika su tumbatsa, unguwanni irin su Makepe Missoke da lungunan New Bell da ke kwari su kwana cikin ruwa.

Me ya sa ake bukatar takarda tun farko

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su da yawa, kuma cikakkiyar hirar da ake gano wannan ciwo da ita takan ci kusan awa guda ga mutum ɗaya. Babu yadda za a yi likita ya zauna da kowane mutum a kowane gida. Shi ya sa aka ƙirƙiro gajerun takardun tambayoyi da ma'aikacin da aka horar zai iya karantawa cikin minti goma, a ware waɗanda ya kamata likita ya fara gani.

Akwai su iri-iri. A 1992 Richard Mollica da abokan aikinsa a Boston suka fitar da takardar Harvard, wadda suka gwada da 'yan gudun hijirar Kambodiya da Lawos da Biyetnam. A 1997 aka fitar da IES-R mai tambaya 22, wadda ke tambayar kwana bakwai da suka wuce, ana kuma yawan amfani da ita bayan girgizar ƙasa da ambaliya. A 2013 wata cibiya ta ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta fitar da PCL-5 mai tambaya 20. Da ita za mu yi misali a nan domin lissafinta mai sauƙi ne. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 4 gwargwadon yadda abin ya dami mutum a wata gudan da ya wuce, jimillar maki kuma daga 0 zuwa 80. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun ce daga maki 31 zuwa 33 ne ake fara zargin akwai ciwon.

To amma da wa aka gano wannan 31 ɗin? Akasari da tsofaffin sojojin Amurka masu jin Turanci, masu karatu, waɗanda suka saba cike takardu. Duk mai zuwa kasuwa ya san tiya suna ɗaya ne amma ba girma ɗaya ba. Wadda ake awo da ita a Kano daban, ta Marwa daban, wata kuma an bubbuge gindinta. Mai hankali ba ya karɓar awon hatsi da kwanon da bai sani ba sai ya juye a nasa ya gani. Abin da masana ke kira tantance ingancin takarda ke nan, wato a juye ta a kwanon da aka yarda da shi.

Wahalar farko ita ce harshe

Tsohuwar hanyar fassara, wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970, ita ce mutum ɗaya ya juya takardar zuwa Hausa, wani daban da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da Hausar zuwa harshen farko, sannan a jera biyun a ga inda ma'ana ta kauce. Wannan na kama manyan kurakurai, amma bai isa ba. Jimla tana iya tafiya ta dawo lafiya lau a hannun masu digiri biyu, a karanta wa tsohuwa a tsakar gida ta ji wani abu daban.

Ku duba yawan kalmomin da muke da su: tsoro, firgita, razana, fargaba, zullumi, faɗuwar gaba, kaɗuwa. Ba ɗaya suke ba. Zullumi na abin da bai zo ba ne, razana ta abin da ya auku yanzu. Faɗuwar gaba kuwa wani ya ɗauke ta alamar mugun labari na tafe, wani ya ɗauke ta ciwon zuciya. In muka zaɓi kalmar da ba ita ba, amsar da za mu samu ta wata tambaya ce da ba mu yi ba. Haka kalmar damuwa. Ka tambayi magidancin da ke bin bashin haya wata uku ko yana da damuwa, me kake tsammani zai ce?

Akwai tambayar da ke neman sanin ko mutum yakan ji kamar abin yana sake faruwa a gabansa alhali idonsa biyu. Da muka fara karanta fassararmu ta farko ga wasu 'yan sa-kai, sai wasu suka fahimci ana tambayarsu ko suna gane-gane, wato ko suna da iska. Nan take suka ce a'a, domin ba mai son a rubuta shi a takarda cewa yana da aljanu ko taɓin hankali. Laifin fassararmu ne, muka sake ta. Wata tambayar kuma tana neman sanin ko mutum yana ɗora wa kansa ko wani laifin abin da ya faru. Musulmi zai ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma uwar da ta ce ƙaddara ce da rana, ita ce kuma ke kwana tana cewa da ma ta ɗauki ƙaramin kafin babban. Sai an yi tambayar ta yadda za ta iya faɗin na biyun ba tare da ta ji kamar ta saɓa wa imaninta ba.

Saboda haka ake yin abin da wasunku suka riga suka taya mu, a karanta tambaya ɗaya, a ce wa mutum ya maimaita ta da bakinsa, ya kawo misalin wanda zai amsa da e. Ana yin haka da maza da mata, manya da matasa, masu boko da waɗanda allo kawai suka yi. A New Bell aikin ya fi wuya domin Hausa a nan ta kowa ce. Akwai Bahaushen da aka haifi kakansa a unguwar, akwai wanda harshen gidansu Fillanci ne ko Barbarci ko Larabcin Shuwa, akwai 'yan uwanmu na Afirka ta Tsakiya da suka fi sakewa da Sango, kowa kuma yana gauraya Faransanci. Kalmar da Bakano zai gane nan take tana iya zama baƙuwa a nan. Mun zaɓi Hausar da ake ji a kasuwa da bakin masallaci ko da masana nahawu za su ɗaga gira.

Ba mu ne farkon masu wannan aiki da Hausa ba. A 2019 Bonnie Kaiser da Brandon Kohrt tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya sun wallafa yadda suka daidaita takardun auna damuwar matasa, har da ta firgici, zuwa Hausa da Turancin buroka. A sansanonin 'yan Darfur da ke gabashin Chadi, Andrew Rasmussen da abokansa sun bi wata hanya, suka fara tambayar mutane sunayen da su da kansu ke ba wahalarsu, suka sami kalmomi biyu, hozun da majnun, suka wallafa a 2011. A Zimbabuwe, Vikram Patel ya gina takarda mai tambaya 14 da harshen Shona a 1997, cikinta har da abin da suke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Duk Bahaushe ya san yawan tunani, ya san yana rama mutum. Takardar Amurka ba ta tambaye shi da wannan suna ba, haka ba ta tambayi dannau ba, wato a ji an danne mutum cikin barci ya kasa motsi ya kasa ihu, ba ta kuma tambayi zafin kai da ciwon jiki da ba a gano musababbinsu ba. Muna ƙara irin waɗannan tambayoyi a ƙarshen takardar, a lissafa su daban, mu ga ko suna tafiya tare da sauran.

Amsoshin ma da nasu rikicin. Takardar tana son mutum ya zaɓi ɗaya cikin biyar, daga babu ko kaɗan har zuwa matuƙa. A baki, tsakanin sosai da ƙwarai ba kowa ke jin bambanci ba. A ƙasashe da dama ana nuna hoton kofuna biyar, daga wanda ba komai ciki zuwa wanda ya cika da ruwa. Mu mun ga bai dace a nuna wa wanda ruwa ya ci gidansa hoton ruwa yana hawa ba, sai muka zana kwanon awo biyar da hatsi. Sannan ga kunya da haƙuri. An tarbiyyantar da mu a kan cewa in an ce ina gajiya a ce babu gajiya, Fulani kuma suna da munyal da semteende. Namiji musamman yakan rage abin da ke damunsa, ya nuna kwano na biyu alhali na huɗu ne.

Abin da ke kama da ciwo amma ba shi ba ne

A nan ne muka fi daɗewa muna muhawara a tsakaninmu. Takardar tana tambaya ko mutum yana wahalar barci. Iyali mai mutum takwas a ɗaki ɗaya, ga sauro, ga zafi, ga janareton maƙwabci, wa zai yi barci? Tana tambaya ko mutum yana zama cikin shirin ko-ta-kwana. Magidancin da gidansa ke bakin magudana, in ya tashi tsakar dare a watan Agusta ya leƙa da tocila ya ga ina ruwa ya kai, hankali ne ya yi. Ciwo shi ne wanda ya koma kan tudu a Yassa, ana tsakiyar rani a Janairu, amma in famfo ya zuba a bokiti sai jikinsa ya hau ɓari. Tana tambayar wahalar tattara hankali, yunwa da zazzaɓin cizon sauro kuwa duk suna kawo wannan. Tana tambaya ko mutum yana guje wa wurin da abin ya faru, alhali talaka da yawa a nan suna kwana a ɗakin da ruwan ya shiga domin ba su da wani.

In ba a kula ba, takardar sai ta auna talauci da damina ta kira su ciwon firgici. Don haka muke so mu gwada ta a damina mu kuma gwada ta da rani, muna kuma rubuta yanayin gida a gefe.

Akwai kuma waɗanda masifarsu ba ɗaya ba ce. Wanda ya gudo daga Bangi a 2014 ko daga Borno, ya ga abin da ya gani a hanya, sannan ruwa ya same shi a Duwala, wace masifar za a tambaye shi? Takardar tana so a ɗaure amsoshi ga abu guda da ya fi damun mutum. Za mu bar ku ku zaɓa, kuma ba sai kun ba da labarinsa ba. Kalma ɗaya ta isa, ko ruwa, ko yaƙi, ko wani abu.

Dalilin zuwa sau biyu, da dalilin ganin likita

Sikelin da ya auna buhu ya ce kilo 50 da safe, da yamma ya ce 42, ba abin dogaro ba ne. Haka takarda. Shi ya sa ake komawa wajen wasu mutane bayan mako ɗaya ko biyu a sake karanta musu tambayoyin, wani lokaci da bakin wani ma'aikaci daban. In amsoshin sun yi nisa da juna alhali ba abin da ya sauya a rayuwar mutumin, to tambayoyin ne ba su fita ba, ko kuma ma'aikatan ba iri ɗaya suke karantawa ba. Uwar da ta yi tambaya, ba amsarki ake shakka ba. Akwai kuma lissafin da Lee Cronbach ya fitar a 1951 da ke nuna ko tambayoyin suna tafiya tare kamar masu auna abu guda. Sakamakonsa tsakanin 0 da 1 yake, akan so ya kai 0.7 ko ya wuce.

Sai dai sikeli na iya faɗin kilo 42 safe da yamma, kullum, alhali buhun 50 ne. Tsayawa a kan magana ɗaya ba ya nufin maganar daidai ce. Nan ne likita ke shigowa. Wasu daga cikin waɗanda suka amsa takardar, masu maki da yawa da masu kaɗan, za su zauna da ƙwararre ya yi musu cikakkiyar hira. Wadda aka fi yarda da ita a duniya ana ce mata CAPS-5, tambayoyinta 30. Ƙwararren ba zai san makin da mutum ya samu a takarda ba, don kada ya karkata. Saboda haka in an gayyace ku wannan zama, ba yana nufin an gano muku wani abu ba. Muna bukatar masu lafiya kamar yadda muke bukatar marasa lafiya.

Daga nan sai a jera hukuncin likita da makin takarda a nemi inda za a ja layi. Ga misali na ƙirƙira don a gane lissafin, ba sakamakonmu ba ne. A ce mutum 100 aka gwada, likita ya ce 20 na da ciwon, 80 ba su da shi. In muka ja layin a ƙasa, takardar ta kama 18 cikin 20 ɗin, 2 suka kuɓuce mata, amma ta haɗa da mutum 16 masu lafiya. Ke nan mutum 34 za a tura, kusan rabinsu ba su da ciwon. In muka ɗaga layin sama, masu lafiya 4 kawai za ta haɗa da su, amma cikin marasa lafiya 14 za ta kama, 6 su koma gida ba wanda ya san halin da suke ciki. Babu layin da ke kawar da kuskuren biyu gaba ɗaya. Ko dai mutane su biya kuɗin bensikin su bar sana'ar yini su bi layin asibiti a banza, wasu ma su tafi da tsoron an ce suna da ciwon ƙwaƙwalwa, ko kuma a bar mai wahala da wahalarsa. Ra'ayinmu shi ne gara a ja layin ƙasa-ƙasa, domin kuskuren farko zama ɗaya da likita na gyara shi, na biyun kuwa yana iya ɗaukar shekaru ba a gano ba. Amma hakan sai in akwai isassun masu duba waɗanda aka tura, kuma wannan ne iyakar da ke gabanmu.

Layin kan bambanta daga wuri zuwa wuri, har tsakanin maza da mata. A gabashin Afganistan, Peter Ventevogel da abokansa sun gwada takardun auna damuwa guda biyu, suka wallafa a 2007 cewa makin da ya dace a ja layi a kansa ga mata ya ɗara na maza. Ba za mu yi mamaki ba in muka sami irin wannan a nan. Yara kuwa ba a yi musu da takardar manya. Suna da tasu, kamar CRIES, ta 'yan shekara 8 zuwa sama, ita ma sai an gwada ta daban da yardar iyaye.

Haƙƙinku

Shiga wannan aiki ganin dama ne. Kuna iya ƙi, kuna iya tsallake tambayar da ba ku so, kuna iya tsayawa a tsakiya ba tare da kawo dalili ba. Mace na iya cewa mace take so ta yi mata tambayoyin, kuma a keɓe. Lamba ake rubutawa a takardar maimakon suna, ba a kuma nuna amsarku ga mai gida ko mai unguwa ko maƙwabci. Binciken lafiya a kan mutane a Kamaru sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuna da ikon cewa a nuna muku takardar izinin da katin shaidar ma'aikacin. Ba a biyan ko dala. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanku, ku kawo mana ƙararsa.

Makin da mutum ya samu ba ya shiga fayil ɗinsa na gudun hijira. Ba ya ƙara taimako, ba ya ragewa, ba ya gaggauta tafiya wata ƙasa, ba ya hana ta. Mun san ana raɗe-raɗin cewa wanda ya nuna ya fi wahala shi ake fara ɗauka. Ba haka ba ne, kuma ƙarin gishiri yana da illa ta zahiri. In mutane da yawa suka nuna kwano na biyar don neman wani abu, layin da za mu ja zai hau sama, gobe kuma mai ciwon gaske da ya faɗi gaskiya daidai gwargwado sai makinsa ya kasa kaiwa. Ɓoyewa don kunya ita ma tana karkatar da layin ta ɗaya gefen.

Wasu tambayoyin na iya tayar da abin da ya kwanta. In kun ji haka ku faɗa wa ma'aikacin, an horar da shi ya dakata ya zauna da ku, kuma zai dawo ya duba ku ko da ba ku ƙarasa takardar ba.

Waɗanda bai kamata su jira takarda ba

Aikin tantancewa zai ɗauki watanni, ciwo kuwa ba ya jira. In akwai wanda ke maganar kashe kansa ko yana cewa gara ya mutu, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko mai jego da ta kasa kula da jaririnta, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Asibitin gundumar New Bell na kusa, asibitin Laquintinie kuma yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Addu'a da zuwa wajen malam ba sa hana zuwa asibiti, ana iya haɗa su.

A guji sayen ƙwayoyin barci ko tramol a hannun masu talla. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wanda ya fito daga masifa magunguna irin su diyazefam don rage firgici ko rashin barci a watan farko, ga shi kuma suna kama jiki. Maganin da ta fi ba da shawara a kai na zama ne da tattaunawa da wanda aka horar, a bi abin da ya faru a hankali har ya daina fizgar mutum. Akwai kuma shirin da ta fitar a 2016 mai suna PM+, zama biyar ne, mako-mako, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa ga masu damuwa iri-iri. Mai son a duba shi ko wani nasa tun yanzu ya yi magana da ɗan sa-kai na unguwarsu ko ya zo teburin sauraro a ranakun da aka saba, ko ya shiga gwajin takardar ko bai shiga ba.